Fiyano Ya Iso Karkara, Ilimin Jituwar Sauti Bai Biyo Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ɗan fili domin in yi magana a kan wani fanni na ilimin kiɗa wanda ban cika ganin an taɓo shi a shafukan al'adu na jaridunmu ba, alhali kuwa kullum yana shiga kunnuwanmu. Fannin shi ne jituwar sauti, wato yadda ake buga amo uku ko huɗu ko fiye a lokaci guda su dace da juna, da kuma yadda ake tashi daga wannan dunƙulen amo a koma wancan. Yaran situdiyo suna kiran irin wannan dunƙule kod, ni ma haka zan kira shi a nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da ake ciki a ƙauyukanmu na ƙasar Birnin Kudu, wanda na tabbata haka yake a karkarar Gwaram da Sumaila da Ringim. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, aka shiga hidimar aure, da wuya yanzu a gayyato mai garaya ko mai gurmi. Lasifika ake ɗaukowa haya da janareta, a saki waƙoƙin da aka haɗa da fiyano a situdiyoyin birni. Mawaƙan nan suna da murya, da yawansu kuma Allah ya ba su hikimar tsara baiti, amma duk wanda ya kasa kunne ga abin da ke ƙarƙashin muryar zai ji kod uku ne ko huɗu suke ta zagayawa, su ne a waƙar amarya, su ne a ta siyasa, su ne kuma a ta ta'aziyya. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama uban kiɗan finafinanmu, sai dai mun karɓi na'urar mun bar ilimin da aka gina ta a kansa. Ra'ayina shi ne, in har za mu ci gaba da ɗora waƙar Hausa a kan fiyano, wajibi ne mu san yadda kod ke aiki, kuma darasin da ya fi dacewa da mu yana cikin tarihin kiɗan jaz fiye da yadda yake cikin rubutaccen kiɗan Turai da ake kira kilasik, ko da yake ba a fahimtar na farko sai an bi ta kan na biyu.

Ban shigo muhawarar halaccin kiɗa ba, wannan fage ne na malamai, kuma sun yi bayaninsu. Ina dai tunatar da mai karatu cewa auna sauti tsohon ilimi ne a duniyar Musulmi. Alkindi ya yi rubutu a kansa a Bagadaza a ƙarni na 9, Alfarabi kuwa, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya wallafa babban littafi a kan kiɗa inda ya bi tsirkiyar molon Larabawa da lissafi yana nuna inda yatsa zai danna a sami kowane amo.

Asalin maganar a tsirkiya take. Amo girgiza ce ta iska, kuma yawan girgizar a cikin daƙiƙa ɗaya shi ke sa mu ji amo siriri ko kakkaura. Amon da ake daidaita fiyano da shi a yau yana girgiza sau 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan a 1939. Idan mai goge ya danna tsirkiyarsa daidai tsakiya, rabin da ya rage zai yi girgiza ninki biyu, 880 ke nan, kunne kuma zai ji amon farko ne ya dawo da siririyar murya, kamar yadda mace da namiji kan rera kari ɗaya kowa da muryarsa. Idan ya bar kashi biyu cikin uku na tsirkiyar, zai sami 660. Idan ya bar huɗu cikin biyar, zai sami 550. To, a buga 440 da 550 da 660 tare, sai a ji sun zauna da juna lafiya, domin dangantakarsu ta 4 da 5 da 6 ce, lissafi mai sauƙi wanda kunne ke ganewa ko da mai kunnen bai taɓa shiga aji ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tsirkiya ɗaya tak, ko da ba a danna ta ba, tana girgiza gaba ɗayanta, tana kuma girgiza rabi-rabi da kashi uku-uku da biyar-biyar a lokaci guda, saboda haka waɗannan amo suna ɓoye a cikin kukan izgar goge tun kafin Bature ya ƙera fiyano. Kakakin da ake busa wa sarakunanmu ma shaida ne, domin amo biyun da yakan fitar tazararsu ta yi kusa da ta 440 da 660, kuma tsawon bututun ne ya hukunta haka.

Wanda ya yi firamare zai tuna do, re, mi, fa, so, la, ti, do, jerin amon da zan kira tsani. Kod mafi sauƙi shi ne a ɗauki ɗaya a tsallake ɗaya: do, mi, so. Haka ake gina wani a kan fa, wato fa, la, do, da wani a kan so, wato so, ti, re. Waɗannan ukun su ne jarin yawancin masu fiyanonmu. Idan aka gina a kan la, aka sami la, do, mi, amon tsakiya yana saukowa da rabin mataki, wato tazarar da ke tsakanin maɓallin fiyano da wanda ke manne da shi, sai kod ya yi duhu, irin wanda Turawa ke dangantawa da baƙin ciki, ko da yake wannan dangantawa sabo ce ta al'adarsu, domin mu muna rawar murna da irin wannan tsani ba tare da wani ya ji makoki ba.

Turawa ba su wayi gari da wannan tsari ba. A ƙarni na 9 masu waƙar coci sun fara ɗora murya ta biyu a kan ta farko, suna tafiya tare da tazara ɗaya. A ƙarni na 11 wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Guido ya inganta rubuta amo a kan layuka, kuma daga gare shi sunayen re, mi, fa, la suka samo asali. Rubutun nan shi ne mabuɗin komai, saboda mutum ba ya iya tsara muryoyi huɗu masu tafiya daban-daban da ka kawai, sai ya gan su a takarda. Wajen shekarar 1200 har an kai ga muryoyi huɗu a babban cocin Notre Dame na birnin Faris. An shafe ƙarnoni ana tunanin kiɗa a matsayin muryoyi masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kafin a 1722 Bafaranshe Rameau ya wallafa littafinsa kan jituwar sauti, inda ya nuna cewa do, mi, so da mi, so, do kod ɗaya ne da aka juya, kuma kowane kod yana da tushe, tafiyar tushen nan kuwa ita ke jan kiɗa gaba.

A nan ne zuciyar kiɗan kilasik take, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri da ni. Kowane kiɗa yana da gida, wato do. Kod ɗin so, ti, re, musamman idan aka ƙara masa fa ya zama huɗu, ba ya barin kunne ya huta, domin ti rabin mataki ne kawai ƙasa da do kuma yana neman hawa, fa rabin mataki ne sama da mi kuma yana neman sauka, tsakanin ti da fa kuwa akwai tazarar da ta fi kowace tsami a cikin tsanin. Da zarar ti ya hau do, fa ya sauka mi, sai ƙullin ya warware, mai sauraro ya ji an iso. Bach da Mozart da Beethoven duk a kan wannan ɗauri da warwara suka gina ayyukansu, gwanintarsu kuma tana cikin jinkirta isowar: a nufi gida sai a kauce, a ƙaura zuwa wani gidan na ɗan lokaci, a sa wa mai sauraro ƙishirwar dawowa har tsawon mintoci da yawa kafin a shayar da shi.

Ƙaurar nan daga gida zuwa gida ita ta jawo wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Idan aka daidaita fiyano da tsantsar lissafin tsirkiya, zai yi daɗi a gida ɗaya ya yi tsami a wani, domin lissafin ba ya rufe da'ira cif. Mafitar da aka tsaya a kanta daga baya ita ce a raba tazarar do zuwa do kashi 12 daidai wa daida, kowane amo ya ɗan yi sassauci. Wani masani ɗan ƙasar Sin, Zhu Zaiyu, ya fitar da lissafin wannan rabo a 1584, Bach kuma a 1722 ya tsara jerin kiɗa da ya ratsa gidaje 24 domin ya nuna amfanin na'urar da za ta iya shiga kowane gida. Sakamakon shi ne fiyanon yau ba ya ba da 550 ɗin da muka ambata, 554 yake bayarwa. Maɓallansa, ko 88 ne na babban fiyano ko 61 na wanda ke situdiyo, sulhu ne da Turawa suka yi domin biyan buƙatar kiɗansu. Wanda ya ɗauke su a matsayin ma'aunin da za a gane ko mai gurmi ya yi daidai ko ya kauce, ya zalunci mai gurmi.

Su kansu Turawa sun gaji da tsarin. Wagner, a wasan da aka fara nunawa a birnin Munich a 1865, ya buɗe da wani kod da har yau masana ke jayayya a kan gidansa, ya kuma hana kunne hutawa na sa'o'i. Debussy ya saurari makaɗan tsibirin Jaba na Indonesiya a baje kolin Faris na 1889, daga baya ya riƙa amfani da tsani mai amo biyar, yana jera kod saboda launinsu ba don suna jan juna ba. A shekarun 1920 Schoenberg ya rushe gidan gaba ɗaya, ya ba amo 12 matsayi ɗaya. Wannan na ƙarshe bai taɓa kama zuciyata ba, kuma ba na ganin yana da abin da zai ba mawaƙin Hausa.

Jaz kuwa labarinsa daban ne, shi ya sa nake ganin namu ne mu yi nazarinsa. Ya tashi a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a hannun jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ko da yake faifan farko da aka buga da sunansa a 1917 na wata ƙungiyar fararen fata ne. Mutanen nan sun sami kansu a cikin irin halin da yaranmu suke ciki yau: a maƙogwaronsu akwai karin da suka gada, mai lanƙwasa, mai saukowa daga sama zuwa ƙasa, a gabansu kuma akwai fiyano da kayan busa na sojan Turawa. A kiɗan buluz, wanda shi ne ƙashin bayan jaz, sun ɗauki kod ukun nan na do da fa da so suka jera su a gaɓa 12, kowace gaɓa mai ɗauke da bugu huɗu, amma ba su miƙa musu wuya ba. Mawaƙi yakan rera wani amo da ya faɗa tsakanin maɓalli fari da baƙi, mai fiyano kuma, da yake ba shi da wannan amon, sai ya danna maɓallan biyu tare ko ya zame daga ɗaya zuwa ɗaya. Kod mai amo huɗu da Bature ya ajiye domin ɗaure kunne kafin a isa gida, su sai suka mai da shi gidan kansa, suka zauna a kai. A ƙa'idar makarantun Turai wannan kuskure ne, amma daga wannan karon na murya da na'ura aka sami sautin da ya mamaye duniya.

Daga nan suka zurfafa. Inda Bature ya tsaya a do, mi, so, mai jaz yakan ci gaba da tsallake ɗaya yana ɗaukar ɗaya, ya ƙara ti, ya ƙara re na sama, wani lokaci har la, kod ya kai amo shida ko bakwai, sannan ya zubar da waɗanda ba dole ba ya bar wa mai bes, wato babban molo mai kakkauran amo, tushen. Tafiyar da suka fi yi ita ce daga kod ɗin re zuwa na so zuwa na do, kuma sirrin santsinta shi ne amo biyu ne kawai ke ɗauke da nauyin: do ya sauka ti, sannan fa ya sauka mi, sauran yatsu kusan ba sa motsi. Da suka lura cewa tsamin da ke tsakanin ti da fa yana nan a cikin wani kod dabam wanda tushensa ke rabin mataki sama da do, sai suka riƙa musanya wannan da wancan, bes ya riƙa gangarowa rabi-rabi zuwa gida. A shekarun 1940 Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Thelonious Monk sun mai da wannan fanni fagen gwaninta, inda ake ba makaɗi jerin kod kawai shi kuma ya ƙirƙiri sabon kari a kansu nan take, kowane zagaye daban da na baya. Mutane kan ce bambancin kilasik da jaz shi ne ɗaya rubutacce ne ɗaya kuma na nan take, amma wannan bai cika ba, domin a zamanin Bach ma amon ƙasa kawai ake rubuta wa mai rakiya da wasu lambobi, shi zai cike kod ɗin da basirarsa, kuma Mozart da Beethoven sun shahara da ƙirƙira a gaban jama'a. Daga baya ne takarda ta rinjayi makaɗin Turai.

Shekarar 1959 ita ce nake so masu fiyanonmu su riƙe. A cikinta John Coltrane ya ɗauki wani kiɗa da kod ke canzawa kusan kowane bugu biyu, yana tsalle tsakanin gidaje uku masu nisa da juna, ya kai wannan hanya maƙurarta. A shekarar kuma Miles Davis ya fitar da faifan Kind of Blue, wanda ya bi akasin haka: a kiɗan farko na faifan an zauna a kan tsani ɗaya har gaɓa 16, aka ɗaga rabin mataki na gaɓa 8, aka dawo na gaɓa 8, shi ke nan. Da aka rage yawan kod sai kari ya sami sarari, makaɗi ya koma tunanin abin da zai faɗa maimakon tseren cin ma kod na gaba. Mutanen da suka fi kowa sanin kod a zamaninsu sun zagayo sun iso inda mai gurmi yake zaune tun tuni.

Ina faɗin haka ne domin kiɗanmu bai taɓa dogara da tafiyar kod ba, kuma wannan ba naƙasa ba ce. Ƙarfinsa yana cikin kari, da sarƙar bugu, da zubin magana, da musayar da ke tsakanin jagora da 'yan amshi. Mamman Shata ya yi shekaru yana riƙe taro da kalangu da amshi kawai. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi nasa, Haruna Uji na Haɗejiya kuma da gurmi. Duk da haka akwai jituwa a ciki ga mai kunne: ɗan zagayen da tsirkiya ke maimaitawa a ƙarƙashin murya yana riƙe gida, kuma idan jagora ya shigo kafin 'yan amshi su sauke, amo biyu kan haɗu na ɗan lokaci. Yawancin karinmu a kan tsani mai amo biyar yake tafiya, wanda idan aka kwatanta shi da na makaranta zai yi kusa da la, do, re, mi, so. Mai karatu ya lura, babu fa, babu ti, wato amo biyun nan da muka ce su ne injin kiɗan Turai ba su cikin tsaninmu.

To, ga abin da ke faruwa a situdiyo. Mawaƙi ya zo da kari mai amo biyar, mai fiyano ya kunna rakiyar da kamfani ya shirya a cikin na'urar, wadda ke cika kod da danna yatsa ɗaya, ita kuma ta zubo so, ti, re a ƙarshen kowane layi domin haka aka gina ta. Sai ti ya riƙa jan waƙar zuwa sama alhali baitin Hausa saukowa yake yi, mawaƙi kuma, ba tare da ya sani ba, ya fara lanƙwasa karinsa domin ya dace da na'urar. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya ne ke raba kukar miya da kukan hawaye, kuma tsofaffin mawaƙa sun san iyakar inda za a ja kalma ba a ɓata ta ba. Sannan aka ƙaro manhajar gyaran murya, wadda ta fito a 1997, mai fizgo kowane amo zuwa maɓalli mafi kusa, ta share lanƙwasar nan da masu buluz suka ƙi rabuwa da ita. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ban ga laifin yaran ba, domin da kunne suka koya, babu wanda ya zaunar da su ya nuna musu cewa akwai zaɓi.

Zaɓin kuwa yana nan, kuma ba shi da tsada. Maɓallai baƙaƙe biyar na fiyano su kansu tsani ne mai amo biyar, saboda haka yaro zai iya laluben kusan karin waƙoƙin dandali da yawa a kansu kaɗai. Idan ya samu, maimakon ya gina kod ta hanyar tsallake ɗaya, sai ya gwada tsallake biyu: mi, la, re, so, do. Zai ga abin mamaki, domin amo biyar ɗin tsaninmu ne cif suka jeru da tazara iri ɗaya, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Irin wannan kod mai faɗi, wanda ba ya tilasta wa kari ya nufi ko'ina, shi ne Bill Evans ya buga makamancinsa a faifan 1959 da na ambata, McCoy Tyner kuma ya gina salonsa a kai a ƙungiyar Coltrane. Zai kuma iya riƙe amo biyu a hannun hagu, la da mi, su yi aikin da tsirkiyar gurmi ke yi, ya bar murya ta yi yawonta, ya canza kod sai inda ma'anar baiti ta juya. Kod ɗin so, ti, re ma ba haramun ba ne. A ajiye shi sai wurin da ake son a girgiza mai sauraro, a nan zai yi tasirin da ya rasa saboda yawan maimaitawa.

Dangantakarmu da wannan kiɗa ba zato ba ce. Masanin kiɗa ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999 kan Afirka da buluz, ya kawo hujja cewa salon rerawar buluz ya fi kama da na yankin sabana na Afirka ta Yamma, ya kuma sa kiɗan gogen Hausa cikin misalansa. Yusef Lateef, mabushin jaz Musulmi ɗan Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani. A kudancin ƙasar nan Fela Sowande, wanda ya ƙware a kilasik da jaz duka, ya ɗora karin gida a kan ƙungiyar makaɗan Turai tun shekarun 1940, Fela Kuti kuma, bayan ya karanci kiɗa a Landan, ya dawo ya gina salon da kan zauna a kan kod ɗaya ko biyu na tsawon mintoci, ya bar wa ganguna da kayan busa aikin. Sanin ƙa'ida ne ya ba shi damar yin wannan zaɓi da gangan.

Na san akwai dattawan da za su ce a bar kiɗanmu yadda yake, kod bai shafe mu ba. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ni ma ina so a ci gaba da jin garaya tsagwaronta. Sai dai fiyano ya riga ya shigo, jikokinmu da shi suke tashi, kuma kunnen da ya girma a kan kod uku zai zo ya ji gurmi kamar ba a ɗaure shi daidai ba. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni, fiye da rashin gayyatar makaɗa biki.

Saboda haka ina roƙon jaridarka ta ware ɗan gurbi, ko sau ɗaya a wata, inda wani masani zai riƙa bayanin waɗannan abubuwa da Hausa, da misalai daga karin da muka sani. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar ƙaramar sakandare, amma a makarantun karkara da na koyar ɓangaren kiɗa yakan tsaya ne a haddar sunayen kayan kiɗa, don haka kwalejojin ilimi na Kano da Jigawa za su taimaka ƙwarai idan suka horar da malamai a kan tsani da kod, ko da da ƙaramin fiyano ɗaya ne a aji. Aikin da ya fi gaggawa kuma shi ne awo. Wayar hannu ta yau tana ɗaukar manhajar da ke nuna yawan girgizar kowane amo, saboda haka ɗalibin jami'a zai iya zuwa wurin tsofaffin masu gurmi da garaya da kukuma da algaita da suka rage a ƙauyukanmu, ya auna yadda kowannensu ke ɗaure tsirkiyarsa da amon da yake fitarwa, ya rubuta da sunan garin da na kayan kiɗan, har da duwatsun nan masu amo da ke kusa da zanen kogo na Birnin Kudu. Da yawa daga cikin fiyanon zamani da manhajojin kwamfuta suna ba da damar a ɗaga ko a sauke kowane amo kaɗan, don haka idan alƙaluman suka samu, mai situdiyo zai iya daidaita na'urarsa ta bi gurmi. Masu gurmin da na sani a yankinmu duk sun manyanta, kuma kaɗan ne cikinsu suke da yaron da ke koyo.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga karkarar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.